Goma da Ɗigo Tara: Yadda Ake Ƙirga Maki a Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga

Wani ƙane daga Fagge ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Sun yi musu a majalisarsu bayan sun kalli bidiyon gasar harbi ta Olamfik da aka yi a Faransa a 2024. Sun ga ana rubuta wa mutum 10.7 alhali an ce musu goma ce ƙarshen maki. Sun ga mutum biyu sun tashi da 577 kowannensu, aka wuce da ɗaya aka sallami ɗaya. Sannan ga mutumin Turkiyyan nan mai hannu a aljihu da hotonsa ya karaɗe wayoyi, wasu a majalisar suna cewa rage masa maki aka yi don bai sa kayan wasa ba, shi ya sa ya ƙare da azurfa. Yana so a warware masa yadda lissafin yake.

To ƙanena, musun naku ya samo asali ne daga abu guda: kun ɗauka lissafi ɗaya ake yi daga farkon gasa har ƙarshenta. Ba haka ba ne. Harbi ɗaya, rami ɗaya a jikin allo, ana iya ƙirga shi ta hanya uku ko huɗu, kuma kowace hanya da irin maharbin da take fifitawa. Duk lokacin da ka ga sakamako, kafin ka ce wane ya fi wane, fara tambayar da wane lissafi aka yi. Dokokin da zan kawo maka na hukumar wasan harbi ta duniya ne, ISSF, wadda aka kafa a 1907, hedikwatarta tana Munich a Jamus, kuma zan tsaya ne a kan yadda suke lokacin gasar Paris. Hukumar takan sabunta kundinta bayan kowace Olamfik, musamman tsarin zagayen ƙarshe, amma tushen awon ya daɗe bai motsa ba.

Mu fara da allon, don wanda bai san girmansa ba zai raina wasan. A gasar bindigar iska ta mita 10, wadda kuka kalla, allon yana da zobe goma, ɗaya cikin ɗaya. Zoben goma, na tsakiya, faɗinsa milimita 11.5 ne, kamar ƙwayar gurjiya ke nan, kai kuma kana tsaye nesa da shi mita goma, bindiga a hannu ɗaya, ba madubin hange. Zoben tara milimita 27.5, daga nan kowane zobe yana ƙaruwa da milimita 16 har zuwa zoben ɗaya mai 155.5. Baƙin da kake hangowa a bidiyo ba goma ba ce. Ya faro tun daga zoben bakwai, faɗinsa 59.5. Saboda haka mutum yana iya zuba harsashinsa duka cikin baƙi ya tashi da makin da ko kallonsa ba za a yi ba. A cikin goman kuma akwai wani ɗan zobe na milimita 5, shi ake kira goman ciki. Ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Doka ta farko, wadda duk sauran suka hau kanta: idan gefen ramin ya taɓa layin zobe, makin sama ake ba ka. Ba sai harsashi ya shiga ciki ba, taɓawa kawai. Ɗan harsashin dalmar da ake harbawa faɗinsa milimita 4.5 ne, kuma shafaffen kai gare shi, da gangan, don ya yanke takarda tsaf maimakon ya yage ta. In ka yi lissafi, rabin zoben goma 5.75 ne, rabin harsashi 2.25, jimla 8. Ma'ana, muddin tsakiyar raminka bai wuce milimita 8 daga tsakiyar allo ba, goma ce. Milimita 16 tara ce, 24 takwas ce, haka har ƙasa.

Daga wannan takwas ɗin ɗigon ya fito. An raba kowane zobe kashi goma, kowane kashi milimita 0.8. Wanda ya taɓa layin goma da ƙyar yana da 10.0, wanda ya matso ciki da 0.8 yana da 10.1, har a kai ga wanda ya sauka a cibiya, shi ne mai 10.9. Babu 11. Goman ciki kuwa tana farawa ne a wajen 10.4. Ka ga ashe goma ba ta da fuska ɗaya, goma goma ce a cikinta.

Amma a zagayen tantancewa na ƙaramar bindiga ba a kallon ɗigo. Harbi 60 ne cikin minti 75 a allon lantarki, bayan minti 15 na shiri da gwajin saiti wanda ba a ƙirgawa. Kowane harbi cikakken maki ne, 10.9 goma ce, 10.0 ma goma ce, 9.9 kuwa tara ce, ko da tazarar da ke tsakaninta da goma ba ta kai kaurin farce ba. Ƙololuwa 600. Mata a da harbi 40 suke yi, daga 2018 aka daidaita su da maza. Tarihin duniya na maza 594 ne, Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa shi a 2009. Na mata 591, Jiang Ranxin ta Sin ta kafa a Alƙahira a 2022. Don ka ji nauyin lambar, 580 na nufin kamar goma arba'in da tara ashirin ba tare da takwas ko ɗaya ba. A wannan lissafin cibiya ba ta ƙara maka komai. Abin da ke kashe mutum shi ne mummunan harbi guda: bakwai ɗaya ta ci maka abin da tara uku za su ci. Shi ya sa gogaggen maharbi, in ya ɗaga hannu ya ji saitin bai zauna ba, sai ya sauke ya sake numfashi. Saukewa kyauta ce, lokaci kawai take ci.

Yanzu ga amsar 577 ɗinku. Mutum takwas ke wucewa zagayen ƙarshe. A Paris, Robin Walter na Jamus da Sarabjot Singh na Indiya duk sun tashi da 577, gurbi kuma ɗaya ya rage. Dokar raba kunnen doki ta ce a fara duba yawan goman ciki. Walter yana da 17, Singh yana da 16. Shi ke nan, Bajamushen ya wuce, Ba'indiyen ya zama na tara. Da a nan ma sun yi daidai, sai a duba makin harbi goma na ƙarshe, in an sake yin canjaras a koma goman da ke gabansu, haka ake ja da baya har a samu bambanci. Akwai hikima a fara dubawa daga ƙarshe: lokacin ne kafaɗa ta gaji, ido ya fara yaji, wanda ya riƙe kansa a nan ya cancanci fifiko.

Da an shiga zagayen ƙarshe, sai a goge allo. Tun 2013 kowa daga sifiri yake farawa, wanda ya zo na ɗaya da wanda ya kutso na takwas duk ɗaya. Kafin haka ana ɗora makin harbi goma na ƙarshe ne a kan na tantancewa, wanda ya ba da rata tun da safe sau da yawa ya riga ya gama cin gasa kafin 'yan kallo su zauna. Tsofaffin maharba da yawa ba su ji daɗin sauyin ba, kuma ina ganin ƙorafinsu yana da tushe: harbi 60 ya fi harbi 24 nuna wanda ya iya. Sai dai wasan da ba a kallo ba ya daɗewa a Olamfik, hukumar kuma ta zaɓi ta rayu.

A nan ake ƙirga ɗigo. Ana fara da jeri biyu na harbi biyar-biyar, kowane jeri sakan 250, sannan a koma harbi ɗai-ɗai bisa umarni, sakan 50 kowanne. Bayan harbi na 12 mai mafi ƙarancin maki ya ajiye bindiga, daga nan duk bayan harbi biyu a sallami mutum ɗaya, har a harbi na 22 mai tagulla ya fita, na 24 ya raba zinare da azurfa. Wannan ne dalilin da za ka ga makin mai tagulla ya yi ƙasa sosai, ba don ya lalace ba, harbinsa ne bai kai nasu yawa ba. Xie Yu na Sin ya ci zinaren maza da 240.9, wato kusan 10.0 a kowane harbi, Federico Maldini na Italiya yana biye da 240.0. A ɓangaren mata Oh Ye-jin ta Koriya ta Kudu ta yi 243.2. Manu Bhaker ta Indiya ta fita a harbi na 22 da 221.7, Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu tana gaba da ita da ɗigo ɗaya kacal. Ɗigo ɗaya, ka tuna, milimita 0.8 ne, a jimlar harbi ashirin da biyu.

Bari in haɗa maka misali da kaina don ka ga yadda lissafi ke sauya gwani. Maharbi na farko ya yi harbi biyar, duka 10.0. Na biyu ya yi 10.8, 10.7, 10.6, 10.8 da 9.9. A lissafin tantancewa na farko yana da 50, na biyu 49, na farko ya ci. A lissafin ɗigo na farko yana da 50.0, na biyu 52.8, an juya. Ramukan ba su motsa ba, alƙalami ne ya sauya.

Mutumin Turkiyya, Yusuf Dikeç, a wani lissafin dabam ya samu azurfarsa, na gasar haɗakar mace da namiji. Shi da Şevval İlayda Tarhan suka kara da Zorana Arunović da Damir Mikec na Sabiya. A wannan tsarin kowa ya yi harbi ɗaya, a haɗa na mutum biyu na kowace ƙasa, ƙasar da ta fi ta ɗauki maki 2, in an yi daidai kowa 1, wanda ya riga kai 16 ya ci. Ko da ɗigo ɗaya ka fi, ko da maki uku, biyun dai za a ba ka, kuma mummunan harbi ba ya bin ka zuwa na gaba. Sabiya ta ci 16 da 14. Ba wanda ya rage masa komai. Babu maki a kan tabarau na musamman ko abin toshe kunne mai girma, babu kuma tara a kan rashinsu. Hannu a aljihu ma ba gadara ba ce: doka ta ce hannu ɗaya zai riƙe bindiga ba tare da tallafi ba, ɗayan kuwa dole a sama masa wurin da ba zai yi lilo ba, yawancin maharba aljihu ko ɗamara suke sa shi. Shi kuma Sarabjot Singh da goman ciki ɗaya ta kora, a wannan gasar haɗakar ya samu tagulla tare da Bhaker, suka doke Koriya ta Kudu 16 da 10.

In aka koma mita 25, bindigar ta harsashin gaske ce mai faɗin milimita 5.6, kuma agogo ya shigo cikin lissafi. Allo iri biyu ne. Na natsuwa, zoben gomansa milimita 50, goman ciki 25. Na sauri kuwa gomansa milimita 100 ce, kuma zobensa daga biyar ya fara, abin da ya faɗi wajen biyar sifiri ne. Mata suna yin harbi 30 a na natsuwa, biyar cikin minti biyar, sannan 30 a na sauri, inda fitila ke zama ja sakan bakwai, ta koma kore sakan uku, harbi ɗaya a kowace kore. Maza suna fuskantar alluna biyar a jere, harsashi ɗaya a kowanne, cikin sakan 8, sannan 6, sannan 4, kowanne sau biyu, a maimaita duka a rabi na biyu a cika 60. Ralf Schumann na Jamus ya ci zinaren wannan sau uku, 1992, 1996 da 2004.

Harbin da ya fita bayan lokaci sifiri ne, ko da cibiya ya huda. Allon lantarki yana da ɗan rangwame na sakan 0.3 a kan lokacin da aka ambata, bayansa ba ya ƙirgawa. A tsohon tsari na allon takarda mai juyawa, abin ya fi ban sha'awa: in ka makara, harsashi zai sami allon yana cikin juyawa, ramin ya fito dogo a kwance. Alƙali yana da wata 'yar roba mai haske da layi biyu a jikinta, tsakaninsu milimita 7. In tsawon ramin ya wuce layukan, an soke harbin. Takardar da kanta ta ba da shaidar ka makara.

Kafin fitila ta zama kore dole hannu ya kasance a sauke, bai fi digiri 45 daga tsaye ba. Wanda ya ɗaga da wuri, ko bai sauke yadda ya kamata ba, za a gargaɗe shi a sa ya maimaita jerin, sannan a zaɓar masa mafi ƙarancin maki daga jerin biyu. In ya sake a rabin guda, a ƙara masa da cire maki biyu. Wannan salon hukuncin za ka riƙa ganinsa a kundin: in an ba ka damar maimaitawa, ba za a bari maimaitawar ta zame maka riba ba. Haka yake in bindiga ta cije. Akwai cijewar da aka yarda ba laifinka ba ce, kamar harsashi ya ƙi tashi bayan an buge shi, akwai kuma wadda sakacinka ne, kamar ka manta ba ka zura gidan harsashi da kyau ba. Ta farko ana ba ka dama sau ɗaya a cikin harbi 30, ta biyu harbin da bai fita ba sifiri ne. Sharaɗin shi ne kada ka taɓa komai: ka bar bakin bindiga yana kallon allo, ka ɗaga ɗaya hannun, ka jira alƙali. Da ka sa hannu ka gyara, ka ɓatar da hujjarka.

Zagayen ƙarshe na mita 25 shi ne lissafi na huɗu, samu ko rashi. Ga mata, harbin da ya kai 10.2 maki ɗaya ne, abin da ya gaza haka sifiri, ko da 10.1 ne. Ga maza iyakar 9.7 ce, kuma duk jerin na sakan 4 ne. Shi ya sa za ka ga Li Yuehong na Sin ya ci zinare a Paris da 32, wato samu 32 cikin 40. Yang Ji-in ta Koriya ta Kudu da Camille Jedrzejewski ta Faransa sun tashi 37 da 37 cikin 50, aka ba su jeri ɗaya na raba gardama, Yang ta ci 4 da 1 a gaban 'yan kallon mai masaukin baƙi. Ni dai wannan tsarin ya fi kowanne tsauri a ganina, domin goma ce za ta fito a na'ura, amma a rubuta maka ba ka samu ba.

Da akwai kuma ta mita 50, wadda aka cire daga Olamfik bayan 2016. Allon natsuwa na mita 25 ake kai wa ninki biyu na nisa. Aleksandr Melentyev ya yi 581 a Mosko a 1980, wannan tarihin duniya ya zauna shekara 34 kafin Jin Jong-oh ya yi 583 a Granada a 2014. Shi Jin ɗin a zagayen ƙarshe na Olamfik ɗin Rio a 2016 ya harba 6.6, kowa ya ɗauka ya fita, ya farfaɗo ya ci zinare karo na uku a jere.

To wa ke yanke hukuncin ko rami ya taɓa layi? A manyan gasa na'ura ce. Akwai allunan da ke sauraron ƙarar wucewar harsashi ta kusurwa huɗu su fitar da wurin da ya bi, akwai masu amfani da haske. Kamfanin SIUS na Suwizalan ya yi suna a wannan. Maharbi yana da damar ƙalubalantar abin da na'ura ta nuna, amma kafin ya sake harbi, kuma in aka bincika aka ga na'urar ce da gaskiya, za a cire masa maki biyu. A zagayen ƙarshe ma ba a karɓar ƙorafi a kan darajar harbi. A wurare irin namu, inda takarda ce har yanzu a yawancin filaye, aikin na ido ne da ma'auni. Ma'aunin wata 'yar ƙusa ce mai faffaɗan wuya da ake zurawa cikin ramin, allon yana kwance, a duba gefen wuyan ta madubin ƙara girma. Na bindigar iska dabara gare shi: faɗin wuyansa milimita 11.5 ne, kuma ba layin da ake gardama a kansa ake dubawa ba, domin harsashi ya riga ya cinye shi. Layin da ke bayansa ake dubawa. In ana shakkar goma ce ko tara, aka zura ma'auni, gefensa bai tsallake layin tara ba, to goma ce. Lissafin ɗazu ne: 8 da 5.75 sun ba da 13.75, rabin zoben tara daidai. A gasar manyan fistol kuwa, inda harsashin wani milimita 7.62 ne na wani 9.65, duka da ma'aunin 9.65 ake auna su, don kada mai kaurin harsashi ya riƙa taɓa layi a banza.

Sau ɗaya tak ake zura ma'auni a rami, kuma abin da alƙalai suka yanke da shi ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Dalilin a fili yake, duk zurawa tana buɗa ramin. Abin da na fi yawan gani yana ɓata gasa a ƙananan filaye shi ne wannan: kafin alƙali ya iso, wani mai kirki ya riga ya sa biro ko tsinke a ramin wai yana dubawa. Daga nan babu sauran gaskiya a takardar. Kowa ya kalla, kada kowa ya taɓa. Sannan a kula da ajiyar allunan, takardar da ta sha laimar Agusta ba ta yankuwa tsaf, yagewa take yi, kuma yagaggen rami shi ne uwar gardama.

Sauran hukunce-hukuncen ba su da wuyar fahimta. Wanda ya harbi allon maƙwabcinsa, sifiri ne a gare shi, shi kuma maƙwabcin in ba a iya gane wane rami ne nasa ba, mai daraja ake ba shi. Kada ka ce ƙwararre ba ya yin wannan: Matthew Emmons na Amurka yana kan gaba da rata a Atens a 2004, a gasar doguwar bindiga, ya aika harbinsa na ƙarshe allon wani, zinare ya koma hannun Jia Zhanbo na Sin. Wanda ya yi harbi fiye da adadi, a soke rarar a kuma cire maki biyu a kan kowanne. A bindigar iska, in an fara gasa ka saki iska ba harsashi a ciki, an ƙirga maka harbi, sifiri. Alƙalai suna da kati uku, rawaya na gargaɗi, kore na cire maki biyu, ja na kora. Abin da ya shafi tsaro, kamar juya bakin bindiga wajen mutane, ba ya jiran gargaɗi.

Akwai kuma abin da ke goge makin gaba ɗaya bayan an tashi. Kunamar bindigar iska dole ta ɗauki nauyin giram 500 ba ta saki ba, ta mita 25 giram 1000. Ana tsayar da bindiga bakinta sama, a rataya ma'aunin nauyi a kunamar a ɗaga a hankali, in ta saki a duk gwaji ukun da aka yarda, an kori mai ita ko da shi ya zo na ɗaya. Bindigar iska kada ta wuce giram 1500, takalmi kada ya rufe idon sawu, agogo ko wani abu kada ya tallafi wuyan hannun da ke riƙe da bindiga. Magungunan da ke rage bugun zuciya haramun ne a wasan: Kim Jong-su na Koriya ta Arewa ya rasa azurfa da tagullar da ya ci a Beijin a 2008 saboda an sami propranolol a jikinsa.

In kuma kun ci karo da bidiyon masu gudu suna harbi tsakanin shingaye, wannan wata hukuma ce dabam, IPSC, da aka kafa a Amurka a 1976. Allonsu yanki uku ne, na tsakiya maki 5, na biye 4 ko 3, na gefe 2 ko 1 gwargwadon ƙarfin harsashi, kuskure kuma a cire 10. Sai a raba jimlar maki da sakan ɗin da mutum ya ɗauka. Mai maki 50 a sakan 10 yana da 5.0, mai 44 a sakan 8 yana da 5.5, na biyun ya ci duk da ya fi ɓarar da maki. Kada a auna wannan da ma'aunin Olamfik.

Na san bayan irin wannan bayanin wani a majalisar zai ce a samo bindigar iska a kafa kwali a bayan gida. A yi hattara. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, bindigar iska kuma, har da ƙaramar, tana cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Shi ya sa yawancin masu wannan wasa a ƙasar nan daga soja da 'yan sanda da sauran masu kaki suke fitowa, su ke da fili da izini. Farar hular da ke da sha'awa ya bi ta hukumar wasanni ta jiha ya tambayi hanyar da ke akwai. Shi kuwa aikin ƙirga maki ba ya buƙatar lasisi: wanda ya iya karatun kundin ISSF, yana da ido da haƙuri, zai iya koyon alƙalanci ba tare da ya taɓa riƙe bindiga ba, kuma gasar takarda mai mutum ashirin tana fitar da ramuka 1,200 da ke jiran mai dubawa.